Bajon da Ke Cikin Gwangwanin Biskit

"Ni dai tunda nake, ban taɓa ganin saurayin da ya zo zance da gilashin masu gyaran agogo a aljihu ba."

Mak Long ce ta faɗa, yayar mahaifiyata, ranar Laraba da hantsi, suna zaune a kicin suna tsinke jelar tsiron wake. Ba da ni take ba. Ba ta ma san ina bayan ƙofa rungume da kwandon wanki ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mak, ta ce, "Haba Kak yayata, ki rufa mana asiri. Asabar fa mutanensa za su zo."

"Su zo mana, wa ya hana su? Ni dai a tambaye shi, furen ya zo gani ko tukunyar da aka dasa shi."

Suka yi dariya, suka koma maganar tsadar kifi. Ni kuwa na fita na shanya kayan nan ban san me na shanya ba, sai da yamma na ga na rataye zanen kakata Opah a kan igiyar maƙwabta.

'Yan uwa masu karatu, bari in faɗa muku ko ni wace ce, don kada ku ce yarinyar nan ba ta da baki. Bakin akwai, fitar da maganar ne aiki. Sunana Wardina, a gida Dina. Shekarata ashirin da huɗu, a garin Taiping aka haife ni, a gidan katakon kakata Opah Zabedah, mai matakala bakwai da rufin kwano. Tunda na gama sakandare nake aiki a shagon fotokofi kusa da kasuwa. Aikin ya dace da ni. Ka miƙo takarda, in miƙa maka biyu, babu dogon zance. Idan babu kowa sai in zuba wa koren hasken injin ido yana zuwa yana dawowa, in tafi can wata duniya, har ruwan ƙarfe uku ya sauko. A garinmu ruwa ba ya saɓa alkawari. Gajimare zai sauko kan tudu kamar an yafa masa mayafi, tsofaffin kasuwa su duba agogo su hau gardamar ko saura minti nawa, sai ka ji shi shaaa a kan kwano.

A irin wannan ruwan Abang Hazwan, wato yaya Hazwan a bakinmu, ya fara shigowa, ya tura wata jaka a ƙarƙashin rigarsa, shi ya jiƙe jakar ta tsira. Dogo ne siriri, agogo yake gyarawa a shagon kawunsa. Ya fito da wani littafi mai rubutun Japan, kowane shafi hotunan ƙananan ƙarafa ne, wasu kamar tauraro, wasu kamar rana mai tsinaye.

"Don Allah a hankali, kada ki danne bayan littafin."

Na gyaɗa kai. Haka muka yi wata biyu. Duk Litinin sai ya zo, saboda ran Lahadi yake hawa babur ya tafi kasuwar tsofaffin kaya ta Ipoh, ya dawo da abin da ya samo. Bajon hula, maɓallin kaki, ƙyallen da ake ɗaurawa a damtse, duk na 'yan sandan da suka yi aiki lokacin da Japan ta mamaye ƙasar nan. Abin da yake tarawa ke nan. Wasu samarin babur, wasu tsuntsu, shi kuwa wannan. Wata rana na nuna masa injin liƙa leda, ko zai so in rufe masa wata tsohuwar takarda, ya dafe ƙirji kamar na ce zan yanka ta.

"Tsohon abu a bar shi da tsufansa, ƙanwata."

Ƙanwata. Na kwana uku ina juya kalmar nan.

Ban taɓa ce masa komai ba bayan "shafi nawa" da "ga shi". Sai wata Litinin takarda ta fito daga injin da ɗuminta, na ga hoton wani bajo mai siffar rana, mai tsinaye biyar manya da ƙanana a tsakani, bakina ya riga ni.

"Muna da irin wannan a gida."

Ya ɗago. Wallahi ranar ce ya fara kallon fuskata sosai. Kuma ranar ce ya karɓi lambar wayata.

Kun ga inda maganar Mak Long ta same ni ko?

Bajon na mahaifin Opah ne. Ɗan sanda ne tun zamanin Turawa. Da Japanawa suka zo suka kira 'yan sandan, suka ce kowa ya koma bakin aiki, suka canza musu abin da ke goshin hula. Opah tana da shekara shida a lokacin. Ta ce abin da ta fi tunawa rogo ne, safe rogo, rana rogo, har ta tsani farin abu a kwano. Da yaƙi ya ƙare aka shiga neman waɗanda suka sa hular nan gida gida. Babanta ya ɓalle bajon, ya kara shi a kan fitilar aci-balbal har ya yi baƙi ƙirin, ya jefa shi a gindin tulun shinkafar da ya shekara uku bai ga shinkafa ba. Shi ya tsira. Wasu abokan aikinsa ba su tsira ba. Daga tulu bajon ya koma gwangwanin biskit, cikin maɓallai da tsofaffin makullai, a ƙasan kabad ɗin Opah. A gidanmu ba a hana maganarsa, amma ba a yi.

Ranar da Abang Hazwan ya fara zuwa gida ya zo da soyayyar ayaba mai zafi a takarda, ya cire takalmi tun a matakalar farko, ya sunkuya ya kai hannun Opah goshinsa. Na sa rigata mai ruwan ganyen ayaba da farin mayafi, na ɗan shafa hoda, na goge, na sake shafawa. Opah ta sa aka ɗauko gwangwanin. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya ɗora bajon, ya maƙala gilashin nan a idonsa na dama. Ni aka aika in haɗo shayi. Da na dawo da tire yana nan a sunkuye, numfashinsa ma a hankali yake fita. Shayin ya huce bai sha ba.

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, ina cewa a raina, da ni ce a kan farin ƙyallen nan fa? Da wani zai dube ni haka, a hankali, lungu lungu, bai gaji ba, bai ce in yi magana ba.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yana kula da ni. Ya gyara agogon bangon da ya tsaya tun rasuwar mahaifina. Ya taɓa kai ni bakin tafki da Mak a bayanmu tana cin gyaɗa, muka bi ƙarƙashin manyan itatuwan nan da rassansu suka sunkuya suna shan ruwa, ya riƙe mini lema shi rabin kafaɗarsa a waje. Amma ku duba wayata ku gani.

"Salam Dina. Kin karya? Ya Opah?"

"Lafiya lau Abang."

"Madalla. Jiya na nuna wa wani dattijo a Ipoh hoton na gidanku, ya ce shekara talatin yana nema bai taɓa riƙe na gaske ba."

Ko kuma wannan, na ranar da na yi zazzaɓi:

"Ki sha magani ki kwanta. Af, gwangwanin nan ba ya kusa da taga ko? Damshi ba shi da kyau."

Na rubuta masa, "Abang, ni ma ina kusa da taga." Na kalli rubutun, na goge, na tura masa hoton babban yatsa.

Mak kuwa ta gama yanke hukunci. Ranar Larabar nan da yamma ta same ni ina ninke kaya.

"Dina, ki saki fuskar nan. Yaro mai sana'a, mai sallah, ba ya shan taba. 'Yar Mak Long da kika girma da shekara uku ga ta da goyo. Ke in an barki sai ki tsufa a gaban injin nan kina kallon haske."

"Ban ce komai ba, Mak."

"Ai matsalar ke nan, ba kya cewa komai! Ƙarfen nan yake so? A ba shi. Wani da mota ake jawo shi, wani da girki. Kifi dai in ya shigo koma ba a tambayarsa me ya gani."

Opah tana kan kujerarta ta kaba tana taunar ganye, ta ce, "Ku ba shi mana. Ni na gaji da gadinsa."

Shi ke nan aka tsayar. Ranar Juma'a bayan masallaci zai zo ya faɗi ƙarfe nawa iyayensa mata za su iso ran Asabar, su zauna a tabarma su yi tambayar da ake yi, wai sun hango fure a lambun gidan nan, ko yana da mai shi. Idan an ce babu, su bar zobe. Aka ce in ya zo ni zan miƙa masa bajon da hannuna.

Alhamis gidanmu ya koma kamar jajiberin sallah. An cire labule an wanke, an goge katakon ƙasa da ɓawon kwakwa, Mak Long ta zo da bakinta da tukunyar cincin. Ni aka ba aikin tagulla. Kowa ya san ba a tarar baƙin aure da tiren ganyen tauna mai duhu, abin kunya ne, sai a ce matan gidan ƙazamai ne. Na zauna a matakalar baya da kwanon jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka da tsumma. Na goge tiren, na goge 'yan kofunansa, na goge almakashin goro, kowanne ya fito yana ɗaukar ido. Ina son aikin nan. Kana murzawa baƙin yana bin ruwa, zinariya tana fitowa daga ƙasa kamar rana bayan ruwan uku.

Ƙaramin kofin farar ƙasa ne ban gani ba. Opah ta ce yana cikin gwangwaninta. Na buɗe, ga shi, ga kuma bajon a gefensa, baƙi, da kore kore a lungunan tsinayen.

Na ce a raina, yanzu wannan zan miƙa wa mutum? Haka? Kyautar farko da za ta fita daga hannuna zuwa nasa, kamar an tsinto ta a kwata? Na tuna maganarsa ta barin tsohon abu da tsufansa, amma ai takarda yake nufi, takarda ce ke yagewa. Ƙarfe kuwa me zai same shi? Na hango shi yana buɗe ƙyalle, hasken ya bugi fuskarsa, ya ɗago ya dube ni ya ce, Dina, ke kika yi wannan? Har na ji muryar a kunnena.

Na tsoma shi cikin tsamiyar.

Opah tana zaune a bakin ƙofa, ƙafafunta a miƙe, tana kallona. Ta daina tauna. Na ɗauka za ta yi magana, sai na ga ta ci gaba.

Baƙin nan ya yi taurin kai. Tsumma ya kasa, na sa toka, toka ta kasa, na tashi na ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya. A hankali ya fara saki. Ruwan kwanon ya koma kamar kofi.

"Juya bayan," in ji Opah. "Kin bar bayan."

Na juya na murje shi tas. Da na gama na ɗaga shi sama, sai ga 'yar rana a tafin hannuna. Opah ta karɓa, ta daɗe tana dubawa.

"Haka yake ranar da babana ya fara shigowa da shi gida," ta ce. "Uwata ta juya masa baya ta ƙi zuba masa abinci."

Ta miƙo mini, ta tashi ta shige.

Juma'a na sa rigar da na fi so, mai ruwan hoda da ƙananan furanni a bakin hannu, wadda na yi niyyar ajiyewa sai Asabar. Na naɗe bajon a sabon hankici, na sa a aljihu, ina jin nauyinsa a cinyata duk inda na juya. Ƙarfe biyu da kwata saƙo ya shigo.

"Na fito masallaci. In taho da rojak, kwaɗon 'ya'yan itacen nan?"

"Taho kawai Abang. Ina da abin da zan ba ka."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa tura masa.

Ya iso da farar riga da hula, yana ƙanshin turaren masallaci. Ya gaida Mak, ya ce iyayensa za su zo ƙarfe goma sha ɗaya, su biyar. Mak ta ce Allah ya kawo su, ta ja Mak Long suka shige kicin, suka bar ƙofa a buɗe daidai faɗin kunne. Muka rage a baranda, ni da shi da Opah a kujerarta. Gajimare ya riga ya rufe kan tudu.

Na fito da hankicin da hannu biyu. Ban iya kallonsa ba, ƙafafunsa nake kallo.

"Opah ta ce naka ne."

"Dina... Opah, da gaske?" Ya goge hannunsa a wando, ya karɓa, ya buɗe.

Na jira. Na ƙirga katakon ƙasa har tara.

Da na ɗago, fuskarsa ta yi fari kamar wanda aka yi wa saƙon rasuwa. Ya juya bajon, ya laluba aljihu ya fito da gilashin, ya kai ido, ya sauke da sauri kamar ya ga abin da bai kamata ba.

"Da me aka wanke shi?"

"Tsamiya."

"Tsamiya kawai?"

"Da toka. Da... soson tukunya, kaɗan, a lungunan."

Ya rufe ido. Daga kicin na ji Mak Long ta ce, "Me ya ce? Ya ji daɗi?" Mak ta ce mata shhh.

"Abang, ban yi daidai ba ne?"

Ya zauna a kan matakala, ya ba ni gefen fuskarsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Dina, baƙin nan shi ne shaidarsa. A Ipoh akwai masu zuba irin wannan a bayan shago, sabo fil, su jera a tebur, haka suke ƙyalli. Abin da ke raba na gaske da nasu shi ne abin da shekaru suka ɗora masa. Mu ko da yatsa ba ma taɓawa. Yanzu duk wanda na nuna wa zai ce jiya aka ƙera shi." Ya juyo da bayan bajon. "Ba ma wannan ba. A bayan nan, cikin hayaƙin, akwai sawun babban yatsa. Ya fito sarai, layi layi. Na wanda ya riƙe shi a kan fitila. Shekara tamanin yana nan."

Na dubi hannuna. Har yanzu akwai baƙi a ƙarƙashin farcena, wanda sabulu bai fitar ba.

Ya juya wajen Opah. "Opah, na faɗa miki fa. Ranar farko, da Dina ta tafi haɗa shayi. Na nuna miki, na ce kada kowa ya goge shi."

Na juya ni ma. Opah ta tofar da ganyenta a gwangwanin tofinta, ta goge baki da gefen zane.

"Ka faɗa, ɗan nan. Kunnen tsohuwa ne, wata rana yana aiki, wata rana yana hutu."

"Amma yatsan mahaifinki ne, Opah!"

"Yatsan babana ina da shi a nan," ta kama kunnenta na hagu, "sau nawa ya murɗe shi. Ba sai na duba a gilashi ba. Kai tarihi ka gani a baƙin nan. Ni tsoro na gani, na mutumin da hannunsa ke rawa, 'ya'yansa na leƙensa ta ƙasan gado. Jikata ta wanke, ta kyauta." Ta dafa kujera ta miƙe, ƙashinta yana ƙara. Da ta zo wucewa ta gabansa ta tsaya. "Ga shi nan dai an ba ka. Sauran abin da ke gidan nan kuma, kai ka san abin da ya kawo ka."

Ta shige ta jawo ƙofar, har da ta kicin ta rufe da ƙarfi, na ji Mak Long tana ce wa uwarta, "Haba Mak, iska muke sha!"

Sai ruwa ya sauko.

Ban taɓa jin ƙarar kwanonmu kamar ta ranar ba. Lambun ya ɓace, gidan maƙwabta ya ɓace, kamar barandar ce kaɗai ta rage a duniya tana shawagi da mu biyu. Feshin yana taɓa ƙafarsa bai janye ba. Ya ɗora bajon a kan hankicin, ya ajiye a katako tsakanina da shi. Bai sa a aljihu ba. Bai kuma turo mini ba.

Ina so in ce ya yi haƙuri. Ina so in ce ban sani ba, in ce don shi na yi, in ce sai da yatsuna suka yi zafi. Na san idan na faɗi haka zai ce babu komai, don yana da kirki, ya tashi ya hau babur cikin ruwa, ni kuma in wuni gobe a bakin taga da rigar da na riga na sa yau, ina sauraron ƙarar mota. In sun zo ba zan san dalili ba. In ba su zo ba ma haka.

Wata huɗu ina haɗiye magana ɗaya. Na haɗiye ta a shago, na haɗiye ta a bakin tafki, na rubuta ta a waya na goge ya fi sau ashirin. Kullum sai in ce bari dai, kada in tambaya in ji abin da ba na so. Yau kuwa babu sauran abin da zan ɓoye a bayansa, da hannuna na wanke shi.

Na durƙusa a kan katakon, daidai inda zai ji ni cikin ƙarar ruwa.

"Abang."

Ya juyo. Babu gilashi a idonsa.

"Na lalata shi, na sani, kuma ba zai gyaru ba. Babu wani a gwangwanin, babu wani a gidan nan, ni kaɗai ce na rage." Na ɗaga murya sama da ƙarar kwanon. "Gobe ƙarfe goma sha ɗayan, har yanzu za su zo?"